Wai mene ne ainihin lissafin da kwamfuta take yi?

Dan_Gwale:
Salam 'yan uwa, don Allah masu karatun kwamfuta ku agaza min. Lakcaranmu ya ce duk abin da waya take yi lissafi ne har kallon bidiyo da tura saƙo a WhatsApp, abin ya ɗaure min kai wallahi, ina tarawa ina ɗebewa a cikin bidiyo? A ina lissafin ya fara a ina ya tsaya?

Injiniya_Sadiq:
Wslm ƙanina, gaskiyar malaminku ne. Ba sai lamba ba, abin nufi shi ne bin matakai ɗaya bayan ɗaya bisa ƙa'ida, ba tare da mai bin ya san ma'anar abin da yake yi ba. Alan Turing ɗan Ingila shi ya fayyace wannan a 1936, ya ƙaddara wata na'ura a takarda kawai, doguwar igiya mai gida-gida, na'urar ta karanta alamar gida ɗaya, ta goge ko ta rubuta wata, ta matsa hagu ko dama, shi ke nan fa, amma duk abin da wayarka take yi wannan na'urar za ta iya in ka ba ta lokaci da igiya isasshiya. Bidiyonka ma 0 da 1 ne ake ta jujjuyawa har su zama launi a fuskar waya.

Hajiya_Bilki:
Ni kullum ana fara zancen nan daga Turawa. Muhammad al-Kashinawi na Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741 ya rubuta hanyoyin cike murabba'in lambobi yadda jimlar kowane layi za ta zo daidai da ta sauran, ko ba ka gane dalili ba in ka bi matakan za ka samu daidai. To wannan ba shi ne abin da Sadiq yake faɗa ba?

Injiniya_Sadiq:
Haka ne Hajiya, shi ne. Abin da Turing ya ƙara shi ne iyaka, ya nuna akwai tambayoyin da ba wata manhaja da za ta iya warware su gaba ɗaya, misali ba za a taɓa rubuta manhaja guda da za ta duba kowace manhaja ta ce wannan za ta gama aiki ko za ta yi ta zagaye har abada ba, ko da kwamfutar ta fi kowace sauri a duniya.

Dan_Gwale:
Na gode yaya. To ƙwaƙwalwar mutum fa, ita ma lissafin take yi ke nan? Don gobe sai na tare malam da wannan.