Me ake ji a tsofaffin wasannin RPG, kuma da wanne ya kamata a fara?

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata biyu ce. Ta farko, mene ne ke riƙe mutane a wasannin RPG, wato wasannin bidiyo da kake zama jarumin labari kana ƙara ƙarfi ta hanyar faɗa, na zamanin tsofaffin na'urorin wasa na NES da Super Nintendo, har wasu ke fifita su a kan na yanzu masu hoto kamar fim? Na gwada Dragon Quest na farko a waya, abin da na gani kawai shi ne taku biyar dodo ya tare hanya, a zaɓi hari, a jira, a sake. Ina haye wata gada kuma aka gama da ni. Ta biyu, akwai kaset ɗin Super Nintendo a hannuna, yana tashi lafiya amma ba ya riƙe ajiya, da an kashe na'ura komai ya goge. Yana gyaruwa?

Mai_Taswira:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, gadar nan da ta kashe ka ita ce amsar tambayarka ta farko. A Dragon Quest gada gargaɗi ce: duk wadda ka haye, dodannin ƙetare sun fi na wannan gefen ƙarfi. Wasan bai rufe maka hanya da bango ba, ya bar ka ka je ka gani da idonka, ka sha kashi, ka dawo ka yi shiri.

Dalilin da ya sa aka gina shi haka shi ne ƙuncin wuri. Wasan ya fito a Japan a 1986 a kan kaset mai kilobait 64 kacal, wanda bai kai girman hoto ɗaya na wayar yau ba. Babu wurin dogon bayani, babu wurin bidiyo. Dole Yuji Horii, wanda ya tsara wasan, da mutanensa suka sa ƙasar kanta ta yi magana. Kana fitowa daga fadar sarki za ka hango fadar babban abokin gabarka a ƙetaren ruwa, ga ta nan kusa, amma sai ka zagaye duniyar wasan kaf kafin ka taka ta. Tun minti na farko ka san inda za ka da abin da ya hana ka.

Abin da ake wasa da shi a nan ba faɗa ɗaya ba ne, tafiyar ce gaba ɗayanta. Dodo ɗaya ba ya kashe mutum. Abin da ke kashewa shi ne guda goma a jere, kowanne ya ɗan rage maka rai, ya ɗan ci maka makin sihiri, kai kuma kana ƙara nisa da masauki. Don haka a kowane taku lissafi kake yi: in ƙara gaba, ko in juya tun ina da na komawa? Ganyen magani ma shida kawai wasan ya yarda ka ɗauka. Wanda ya gane wannan lissafin shi ne yake jin daɗin wasan. Wanda yake kallon kowane faɗa shi kaɗai kuwa, maimaici kawai zai gani.

Ga yadda ake fara shi a fitowar NES. Sarki zai ba ka zinari 120, da tocila, da mabuɗi. Ka sayi kulki na 60 da riga ta 20, ka bar saura don kwanan masauki, wanda 6 ne a garin farko. Kada ka yi nisa da garin sai ƙarfin jaruminka ya kai mataki na 3, inda ake samun sihirin warkarwa, sannan na 4, inda ake samun na hari. Ka tara 180 ka sayi takobin tagulla kafin ka yi tunanin wata gada. In ka mutu ba ka rasa matakinka, sarki zai tashe ka, amma rabin zinarinka ya tafi. Saboda haka ka kashe kuɗinka a kan makami da sulke kafin doguwar tafiya, kada ka yi yawo da su a aljihu. Kuma ka yi magana da kowa a gari, ka rubuta abin da suka faɗa, domin wasan ba ya ajiye maka jerin ayyuka. Wani tsoho a lungu zai faɗi jimla ɗaya, sai bayan awa goma ta yi maka amfani.

Wannan tsarin bai faɗo daga sama ba. Daga Wizardry da Ultima na kwamfuta aka ɗauko shi, dukansu na 1981, su kuma daga wasan tebur na Dungeons & Dragons na 1974, wanda ake yi da takarda da ɗan lido. Horii ya sauƙaƙa shi ne yadda za a buga da maɓalli biyu.

Yar_Fiksel:

Duk abin da Malam Mai_Taswira ya faɗa haka yake, sai dai ni ba zan ba sabon shiga shawarar farawa da Dragon Quest na farko ba. Jarumi ɗaya ne, dodo ɗaya a kowane faɗa, kuma mafi yawan lokacinka zai tafi ne wajen zagaye fili ana tara maki har wajen mataki na 20. Tushe ne, a girmama shi, amma a koma masa daga baya.

Ƙanena, fara da Chrono Trigger na 1995. Kana ganin dodanni a fili kafin ka afka musu, faɗan kuma a wurin ake yinsa ba tare da allon ya sauya ba. Mutum uku kake tafiya da su, kuma dabarunsu suna haɗuwa, biyu ko uku su kai hari ɗaya, don haka zaɓen waɗanda za ka tafi da su yana da ma'ana. Ba ya buƙatar zaman tara maki, awa ashirin da ɗan wani abu an gama, kuma ƙarshensa ya haura goma, ya danganta da lokacin da ka tunkari babban dodon.

Daga nan sai Final Fantasy VI na 1994, mai jarumai 14. A kula da lambobi, domin suna ruɗa mutane: a Amurka an sayar da na huɗu da sunan II, na shida kuma da sunan III, tunda ba a fitar musu da wasu na tsakiya ba a lokacin. In ka ga kaset ɗin Super Nintendo an rubuta Final Fantasy III, na shida ne a hannunka.

Akwai kuma kurakuran da ke cikin wasannin na asali, waɗanda gara ka san su kafin ka yi asarar zinari. A Final Fantasy na farko, na 1987, makin basira ba ya ƙara wa sihiri komai, kuma wasu sihirin, irin su TMPR da SABR, ba sa aiki sam ko ka saya. In ka tura mutum biyu kan dodo ɗaya, na farko ya kashe shi, harin na biyun ya tafi a banza, ba ya komawa kan wani. Wannan na ƙarshe ni ban ɗauke shi aibi ba, shi ne ke tilasta maka raba hari da tunani, ka ƙiyasta wa zai iya kayar da wa. A Final Fantasy VI na Super Nintendo kuwa, makin kaucewa hari ba ya aiki, makin tare sihiri ne ke yin aikin biyun. Duk kayan da ke ƙara shi, su ne abin nema.

Kada a manta da kiɗa. Guntun sautin NES layi biyar gare shi, na Super Nintendo takwas da ma'ajiyar kilobait 64. Mai tsara kiɗa ba shi da wurin ɓuya a bayan tarin kayan kiɗa, dole karin kansa ya tsaya da ƙafarsa, kuma ya jure maimaici na awanni ba tare da ya gundura ba. Shi ya sa mutum ke iya rera su bayan shekara talatin.

Injiniyan_Kaset:

Batun kaset, yana gyaruwa, kuma aikin bai kai na rabin awa ba. Ajiyar tana zaune ne a wani guntu da ake kira SRAM, wanda ke mantuwa da zarar wuta ta ɗauke masa. Abin da ke riƙe shi in an kashe na'ura shi ne ƙaramin batir mai faɗin kwabo, CR2032, mai bolt 3. Naka ya haura shekara talatin, ya mutu.

Kayan aiki: mabuɗin kusoshi na musamman da ake kira gamebit mai milimita 3.8, domin sukudireban gida ba ya kama kan kusoshin. Sabon CR2032 mai ƙafafu biyu da aka liƙa masa tun daga masana'anta. Ƙarfen narka dalma da dalmarsa. Igiyar tsotse dalma. Da mitar auna wuta.

Kwance kusoshi biyun gaba, ka ɗaga murfin, ka fitar da allon. Auna tsohon batir tukuna. In ya nuna kusan bolt 3, matsalar ba tasa ba ce, sai a duba datti a haƙoran kaset ko tsagewar dalma. In ya faɗi ƙasa sosai, ɗauki hoton allon don ka tuna gefen da alamar tarawa take. Narka dalmar ƙafafun ta bayan allo, ka tsotse, ka zare ƙafa ɗaya bayan ɗaya ba tare da fizga ba, domin fizga na ɗaga siririn layin tagulla, kuma gyaran wannan ya fi na batir wahala. Sa sabon a daidai fuskarsa, ka liƙa, kowace ƙafa daƙiƙa biyu zuwa uku ta isa. Sake aunawa, sabo yakan nuna 3.2 ko 3.3. Rufe, ka yi ajiya, ka kashe na'ura, ka cire kaset na minti goma, ka mayar ka duba.

Kuskure uku ne aka fi yi. Liƙa dalma kai tsaye a jikin batir marar ƙafa: zafi na lalata shi, yana ma iya fashewa. Manna batir da salatif: yana aiki yau, ranar da kaset ya ɗan bugu sai haɗin ya yanke na ƙiftawar ido, ajiyar awa arba'in ta tafi. Sai juya fuska, wanda ke sa a ga kamar ba a yi komai ba.

Haƙoran kuma a goge su da auduga mai tsinke da sinadarin isopropyl mai kashi 90 ko sama, har audugar ta daina fitowa baƙa. A daina hura iska da baki, danshin numfashi ne ke sa su tsatsa.

Ga mai kaset da ajiyarsa ke raye har yanzu: cire batir zai goge ta nan take. A fara kwafe ta zuwa kwamfuta da na'urar karanta kaset, a mayar bayan gyara. Pokémon Gold da Silver sun fi saurin mutuwa saboda batir ɗaya ne ke riƙe ajiya da agogon cikin wasan. A Ruby da Sapphire na Game Boy Advance kuwa agogon kaɗai batir ke riƙewa, ajiyar ba ta goguwa.

Sabon_Shiga:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Kafin in haɗa kayan gyaran, in na ci gaba a manhajar kwaikwayo, wadda ke buga tsofaffin wasanni a waya ko kwamfuta, laifi ne in riƙa amfani da ajiyar nan-take, wadda manhajar ke yi a kowane lokaci, da maɓallin gaggautawa?

Mai_Taswira:

Ba laifi ba ne, amma ka san abin da kake sayarwa. In kana ajiyar nan-take kafin kowane faɗa, ka cire lissafin nan na in ci gaba ko in juya, kuma shi ne wasan. Abin da zai rage maka shi ne danna maɓalli, sai ka ce tsofaffin wasanni ba su da daɗi. Shawarata, ka yi ta a inda wasan ya yarda a yi ajiya, ko lokacin da dole ka tashi. Kuma ka riƙa yin ajiyar cikin wasan ita ma, domin fayil ɗin nan-take yakan ƙi buɗewa in an sabunta manhaja ko an sauya wata, na cikin wasan kuwa yana bin ka.

Yar_Fiksel:

A kan gaggautawa na ɗan saɓa da Malam. Zagayen tara maki a wasannin 1986 da 1987 wani ɓangarensa tsawaita wasa ne kawai, kuma fitowar Pixel Remaster, wato sabunta tsofaffin Final Fantasy da aka yi, tana da zaɓin ninka maki har sau huɗu da kashe faɗan ba-zata. Ka gaggauta a fili kusa da gari, ka mayar da shi daidai da ka shiga kogo. Kada dai ka kashe faɗan gaba ɗaya, za ka isa gaban babban dodo da rauni.

Sai gyaran allo, wanda mutane ke rainawa. Hoton Super Nintendo fiksel 256 ne a faɗi, 224 a tsaye, an zana shi don tsohuwar talabijin mai tudun baya, mai fasalin 4:3. In ka miƙe shi ya cika allon waya, fuskoki za su baje. A manhajar kwaikwayo irin Snes9x ko RetroArch ka zaɓi 4:3, ka kashe tacewar da ke sulɓe hoto, in na'urarka za ta ɗauka ka kunna tacewar CRT mai layi-layi, mai kwaikwayon tsohuwar talabijin ɗin, domin masu zanen sun dogara da ita wajen haɗa launuka, musamman a ruwa da inuwa. In akwai zaɓi tsakanin fitowar Amurka da ta Turai, ɗauki ta Amurka: tana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, ta Turai sau 50, kuma yawancin wasannin ba a daidaita su ba, sai tafiya ta yi nauyi da kusan kashi 17 cikin ɗari. In kuma ainihin na'urar za ka haɗa da talabijin ta zamani bayan ka gyara kaset, ka sa ta a yanayin wasa, in ba haka ba za ka ji jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsi, kuma a faɗan Chrono Trigger da Final Fantasy VI agogo ba ya jiran ka sai ka sa tsarin faɗan a kan jira a cikin saituna.