Wai Unreal ne ya kashe PES? Yadda aka kwashe ta a gurup

Mai Gidan Gem: Jama'a a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Tun da kamfanin Konami suka ajiye Fox Engine, injin manhajar da suke gina gem ɗinsu na ƙwallo PES da shi, suka koma injin Unreal a 2021, PES ya mutu. Ku tuna fuskar Messi da ta Ronaldo a eFootball 2022, ido a waje, baki a karkace. Injin banza ne, shi ya kashe mana wasa.

Ɗan Master League: Wa ya mutu? Suna kawai aka canza, PES ya koma eFootball. Ka iya bakinka, malam.

Sarkin FIFA: Har sadakar arba'in an yi, kai ne ba ka samu labari ba.

Injiniya: Yaya, laifin ba na Unreal ba ne. Da shi aka yi Fortnite da Tekken 7 da PUBG Mobile, ka taɓa ganin sun yi kama da juna? Injin keken ɗinki ne, in riga ta karkace tela ake tambaya. Fuskar ɗan wasa mutane ne ke zana ta. Kuma wasan ƙwallo yana son hoto 60 a sakan ɗaya, a kowanne sai na'ura ta fitar da 'yan wasa 22, ciyawa, inuwa da 'yan kallo. Ga shi Konami suna son wasa guda ya hau PS5, ya hau PS4 ta 2013, ya hau waya. Dole a rage wani abu. Sannan sun sake shi bai nuna ba, su da kansu suka ba da haƙuri, cikakken bai fito ba sai Afrilun 2022.

Ɗan Master League: Duk na ji, amma ya janye "ya mutu" ɗin nan tukuna. Abin da ya mutu ake bugawa a kowace waya a unguwarku?

Sarkin FIFA: Kyauta ne shi ya sa. Ko ruwan kwata aka ce kyauta sai an yi layi.

Ɗan Master League: Kai da ko suna ba ku da shi? Tun 2023 gem ɗinku na FIFA ya rasa sunansa, kuka koma FC 24. Injin naku ma, Frostbite, don gem ɗin yaƙi na Battlefield aka ƙera shi, shi ya sa 'yan bayanku ke gudu kamar an biyo su.

Injiniya: Ai wannan ma hujjata ce, injin harbe-harbe ya yi ƙwallo tun FIFA 17…

Hala Madrid: Ni dai na lura fuskar Ronaldo aka fi ɓatawa. Da gangan ne, Konami 'yan Barca ne.

Ɗan Master League: To ga shi nan, an zo wurin. Ballon d'Or nawa gare ku?

Mai Gidan Gem: Ni maganar injin na kawo fa.

Hala Madrid: Kai ka fara biyana wasa biyun da aka ɗauke wuta muna tsakiya.

Admin: Ya isa haka, na rufe. Abin da aka cimma: mafi yawan masu hankali sun yarda PES na nan da ransa, kuma har gobe ya fi FIFA daɗin pasin. Sarkin FIFA bai kawo hujja ko ɗaya ba. Injiniya ya yi dogon bayani, Allah ya saka, mai data ya koma sama ya karanta. Wanda ya sake cewa "ya mutu" zan cire shi har sati.