Me ke sa wasu kamfanoni su koma fasahar gajimare, wasu kuma su riƙe na'urorinsu a ofis?

Ɗan Sito (Kano):

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a sashen kwamfuta na wani kamfani mai rarraba taki, iri da magungunan feshi, wanda babban ofishinsa yake Kano, yana kuma da rassa a Funtua, Gusau da Gombe. Bayanan hajarmu gaba ɗaya, da lissafin bashin da dillalai ke ɗauka a farkon damina su biya bayan girbi, da albashin ma'aikata, duk suna cikin na'urar sabar guda ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke adana bayanan kamfani, da ke wani ɗan ƙaramin ɗaki a bayan ofishin akanta, inda dole na'urar sanyaya ɗaki ta kwana ta wuni tana aiki. Na'urar ta tsufa, kan shugabanninmu kuma ya rabu biyu a kan abin da ya kamata a yi. Wasu na ganin a sayi sabuwa a ci gaba yadda aka saba, wasu kuma na ganin lokaci ya yi da za mu koma fasahar gajimare, wato mu daina mallakar na'ura, mu riƙa hayar ƙarfin kwamfuta da ma'ajiya ta intanet daga kamfanoni irin su AWS, Microsoft Azure ko Google Cloud.

An ɗora mini nauyin rubuta shawara ga hukumar gudanarwa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa wannan aiki su bayyana mini abubuwan da a zahiri suke sa kamfani ya karɓi wannan fasaha ko ya ja da baya, musamman kamfani matsakaici kamar namu da yake aiki a Arewa.

Injiniyan Sadarwa (Kaduna):

Wa alaikumus salam, Malam. A wurina abubuwa biyu ne suke jan kamfanonin yankinmu, ɗaya yana tura su gajimare, ɗaya yana riƙe musu ƙafa, kuma dole ka auna su tare.

Abin da ke turawa shi ne wutar lantarki. Duk wanda ya taɓa kula da ɗakin sabar ya san cewa kuɗin sayen na'urar ba shi ne babban nauyi ba, ɗawainiyarta ce: man dizal na janareta, batiran inbata da ake sauyawa bayan 'yan shekaru, gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da ƙurar hunturu da take shiga ta toshe fankokin cikin na'ura har ta riƙa kashe kanta saboda zafi. A watan Afrilun 2024 an ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. A watan Oktoban shekarar kuma mafi yawan jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda babu wuta, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ya taso daga Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala. Kamfanin da bayanansa suke gajimare a wannan lokaci abin da yake buƙata kawai shi ne cajin kwamfutar tafi-da-gidanka da ɗan sabis, wanda kuwa yake da sabar a ofis dole janaretansa ya yi ta aiki ba hutu.

Abin da ke riƙe ƙafa shi ne hanyar intanet, kuma a nan ne nake ganin masu tallan gajimare ba sa faɗin gaskiya duka. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS, ACE, MainOne da SAT-3, suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, abin da ya sa ayyukan bankuna da na ofisoshi da dama suka tsaya cik ko suka riƙa jan ƙafa. Wannan ma ɗan lokaci ne. Ka ce kuna da reshe a Gusau, to ka tuna cewa a watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, kuma rufewar ta ɗauki makonni, ta kuma shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna. Idan manhajar da mai kula da sitonku yake fitar da rasit da ita ba ta aiki sai da intanet, to a irin wannan yanayi ko buhu ɗaya ba zai fita bisa ƙa'ida ba. Saboda haka tambayar farko da zan yi wa duk mai sayar da manhaja ita ce, shin tana iya aiki ba tare da sabis ba, ta adana abin da aka shigar a cikin kwamfutar reshe, sannan ta tura shi gajimare idan sabis ya dawo? Idan ya fara kame-kame, ka nemi wani.

Akwai kuma batun nisa. Manyan cibiyoyin waɗannan kamfanoni a nahiyarmu suna Afirka ta Kudu ne: Microsoft ya buɗe nasa a Johannesburg da Cape Town a 2019, AWS a Cape Town a 2020, Google kuma a Johannesburg a 2024. AWS yana da ƙaramin reshe a Legas tun 2023, amma ba duk ayyuka ake samu a can ba. Ga lissafin haja da albashi wannan nisa ba zai dame ku ba, jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba. Abin da zai dame ku shi ne 'yar tazarar da ke tsakanin reshenku da turken sadarwa mafi kusa, don haka kowane reshe ya samu hanyoyi biyu daga kamfanoni daban-daban. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Najeriya tun watan Janairun 2023, kuma ya zama mafita ga rassa da dama da wayar faiba ba ta kai gare su ba.

Hajiya Akanta (Zariya):

Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai a ofisoshin da na yi aiki ba a ɗakin injiniyoyi ake yanke wannan hukunci ba, a teburin kasafin kuɗi ne, kuma abin da ake tsoro a can shi ne dala. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin hukuma tana kusan naira 460, zuwa watan Fabrairun 2024 ta kai kusan naira 1,500. Kamfanin da yake biyan dala 500 a wata, wanda a da naira 230,000 ne, ya wayi gari yana biyan naira 750,000 alhali bai ƙara amfani da komai ba, ga kuma harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kai. Ko da kamfanin waje ya yarda a biya shi da naira, da dala yake lissafa farashinsa, don haka abin da aka rage maka shi ne wahalar neman canji, ba haɗarin faɗuwar naira ba. Wannan ne ya sa wasu suka koma ga kamfanonin cikin gida da suke da cibiyoyin adana bayanai a Legas da Abuja, masu yanke farashi da naira, duk da cewa ayyukan da suke bayarwa ba su kai yawan na manyan ba. Ga kamfani irin naku ban ga abin da za ku nema ku rasa a wurinsu ba.

Amma in faɗa maka abin da ya dace da ku a cikin lamarin, ɗan'uwa. Kasuwancinku na lokaci ne. Daga watan Mayu zuwa Agusta aiki yana yi muku yawa, da rani kuma sai ya lafa. Idan kun sayi sabar, dole ku sayi wadda za ta ɗauki nauyin tsakiyar damina, ta zauna kusan babu aiki sauran watanni, kamar wanda ya sayi tirela don dakon kaka kawai. A gajimare kuna iya ƙara ƙarfi na wata huɗu ku rage daga baya, muddin akwai wanda yake tunawa ya rage. Na sha ganin takardar biyan kuɗi ta kumbura saboda an kunna wata na'ura don gwaji an manta da ita tana ta cin kuɗi wata da watanni.

A lissafinka ka ɗauki shekara biyar, ka sa kuɗin dizal, batira, gyara da albashin mai kula a ɓangaren sabar, ka kuma lissafa ɓangaren gajimare da farashin dala iri biyu, na yau da kuma wanda ya fi shi muni. Kada ka manta da kuɗin fitar da bayanai, domin shigar da su kyauta ne amma ana cajin fitarwa, ko da yake a 2024 Google, AWS da Microsoft sun janye wannan caji ga wanda zai bar su gaba ɗaya.

Lauya daga Gombe:

Zan taƙaita a kan doka. Tun watan Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Sunayen dillalanku da na manoma, lambobin wayarsu, lambobin NIN ko BVN da kuka karɓa, duk suna ƙarƙashinta. Dokar ba ta hana fitar da bayanai zuwa wata ƙasa ba, amma ta gindaya sharuɗɗa a kan irin kariyar da za su samu a can, ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Abin da nake so hukumar gudanarwarku ta fahimta shi ne, ba wa wani kamfani ajiyar bayanai ba ya sauke muku alhakinsu a gaban doka.

Idan kuna shiga shirye-shiryen gwamnati na rabon taki, ku duba yarjejeniyar da kyau, domin ƙa'idojin NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, sun tanadi a ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa ma'aikatu da yawa suke amfani da Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya da yake da cibiya a Abuja da wata a Kano da aka buɗe a farkon 2023.

Tsohon Manaja (Katsina):

Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma ni a ganina an tsallake mafi nauyi, wato mutane. Na ga kamfanoni biyu masu girma ɗaya, a gari ɗaya, da wuta ɗaya da dala ɗaya, ɗaya ya koma gajimare ɗaya ya ƙi, kuma bambancin kawai shi ne wanda yake kan kujera. Mai kamfanin da ya tara dukiyarsa da littafin lissafi da makulli a aljihu hankalinsa ba ya kwanciya idan aka ce sirrin kasuwancinsa yana wata ƙasa, kuma bai kamata a ɗauki wannan a matsayin jahilci ba, tambaya ce ta amana da ta cancanci amsa. Irin wannan shugaba ba jawabin injiniya ke sauya masa ra'ayi ba. Yakan sauya ne ranar da ya ga abokin kasuwancinsa ya zaro waya a wurin ɗaurin aure ya duba adadin buhunan da suka rage a sitonsa na wani gari, ko ranar da babban kamfanin da yake ba shi kaya ko bankin da yake ba shi rance ya ce sai ta manhaja zai riƙa karɓar rahoto.

Sai kuma ma'aikata. Akwai mai tsoron rasa aikinsa, akwai kuma wanda ba ya son tsarin da zai nuna wa ya sauya wane adadi da ƙarfe nawa, kuma ba zai taɓa faɗin dalilinsa a fili ba, cewa zai yi manhajar tana da wuya. A wani ofis na ga kalmar sirri guda ɗaya a rubuce a jikin takarda an manna a gefen allon kwamfuta, ma'aikatan sashen gaba ɗaya suna shiga da ita. A sabar ɗin ofis wannan sakaci yana tsayawa a cikin gini, amma a gajimare ƙofa ce da aka buɗe wa duniya. Bankin Capital One na Amurka ya ga haka a 2019, lokacin da aka sace bayanan mutane sama da miliyan 100 da ya ajiye a AWS saboda kuskuren saitin tsaro daga ɓangarensa, har hukuma ta ci shi tarar dala miliyan 80. Gajimaren kansa ma gini ne da zai iya ƙonewa, domin a watan Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin kamfanin gajimare na OVH a Strasbourg ta ƙasar Faransa, wasu abokan hulɗarsa da ba su da kwafin ajiya a wani wuri suka rasa bayanansu har abada. Ba a fafe gora ranar tafiya, kwafin ajiya na biyu dole ne ko ina kuka zaɓa.

Shawarata, ɗana, kada ka kai wa hukumarku zaɓi tsakanin komai ko babu. Ku fara da imel da kwafin ajiya na kullum, ku bar mutane su saba, sannan lissafin haja ya biyo baya da rani lokacin da aiki ya lafa.

Ɗan Sito (Kano):

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba Manaja, maganarka a kan shugabanci ta yi daidai da halin da muke ciki. Abin da ya rage mini shi ne tsohuwar na'urar, domin ina fargabar ba za ta kai ƙarshen wannan damina ba. Injiniya, shin mu sayi sabuwa duk da cewa muna da niyyar ƙaura a hankali?

Injiniyan Sadarwa (Kaduna):

Ku sayi ƙarama, Malam, ba irin babbar da ake ta magana a kai ba. Ta riƙe lissafin haja zuwa bayan girbi, tana tura kwafi gajimare kowane dare, idan kun kammala ƙaura kuma ita ce za ta zama ma'ajiyarku ta biyu a Kano. Kafin ka rubuta shawarar, ka sa kowane reshe ya rubuta sa'o'in da sabis ya ɗauke a tsawon wata guda, musamman Gusau da Funtua, ka kuma gwada dawo da bayanai daga kwafin da kuke da shi yanzu a kan wata kwamfuta daban, domin ka tabbatar yana buɗewa.