Birnin Kebbi zuwa Agadas a kan mashin cikin yini ɗaya: zai yiwu?

Mai tambaya, daga Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da mashin Boxer 150, tankinsa lita 11, ina son zuwa Agadas da shi a watan Disamba. Niyyata in tashi bayan sallar asuba, in bi Argungu, Sakkwato, Illela, in tsallaka Ƙonni, in wuce Tawa, in kwana Agadas a ranar. Washegari in leƙa duwatsun Azbin. Ni kaɗai ne, kayana jaka ɗaya. Waɗanda suka san hanyar da masu gyaran mashin, me zan gyara, me zan ɗauka, kuma yinin zai isa?

Direban motar kaya, daga Argungu:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, yinin ba ya isa. Ɗauko biro mu lissafa. Birnin Kebbi zuwa Sakkwato kusan kilomita 150. Sakkwato zuwa Illela kamar 85. Ƙonni zuwa Tawa, in ka karya kwana a Tsarnawa ka bi ta Badagishiri, kamar 130. Tawa zuwa Agadas wajen 400. Jimla ta haura 750. Mashin irin naka, ko kana ganin allura a kan 80, in ka haɗa da ramuka da shinge da shan mai da sallah, abin da kake ci a awa bai wuce kilomita 50 ba. Awa 15 ke nan, ba a sa zaman kan iyaka ba, wanda zai iya cin awa biyu, ballantana ka faɗo ranar kasuwar Illela. A Disamba kuwa rana tana fitowa wajen bakwai saura, ta faɗi shida da 'yan mintoci. Hasken duka bai kai awa 12 ba.

Ka ga inda dare zai same ka: bayan Abalak, garin da ke kan hanya tsakanin Tawa da Agadas, wato daidai wurin da babu gari babu mai faci. Kwaltar nan tun wajen 1980 aka yi ta saboda motocin yuraniyam na Arlit, ta mutu a wurare da yawa, ana sauka ana ratse. Fitilar mashin ba ta nuna maka rami sai ka zo bakinsa, raƙumi kuma ya kwanta bisa titi abinsa.

In dogon yini ɗaya kake sha'awa, ga shi nan: ka kwana Tawa, da gari ya waye ka ɗauki Tawa zuwa Agadas. Kilomita 400 ɗin nan sun ishe ka labari.

Makanike, daga Jega:

Maganar Alhaji direba haka take. Ni zan yi ta mashin. Duk gyaran da za a yi, a gama shi mako guda kafin tafiya, ka hau ka je Argungu ko Jega ka dawo. Abin da aka ɗaura ba daidai ba a nan zai nuna kansa, kusa da gida.

Baƙin mai sabo, 20W-50, kusan lita ɗaya yake sha, ka riƙe wani rabin lita a jaka. Injin nan iska ce ke sanyaya shi, in ya daɗe yana aiki da zafi yakan ci mai kaɗan-kaɗan ba tare da ka ga hayaƙi ba. Duk inda ka sha fetur, kafa mashin a tsaye a wuri mai daidai, jira minti biyu, ka duba geji. Kada ka murɗe totur har ƙarshe na tsawon lokaci, ka zauna tsakanin 65 da 75. Kowane kilomita 80 zuwa 100 ka kashe shi minti 10. Kuma don Allah kada a watsa wa inji mai zafi ruwa, ƙarfe yana iya tsagewa.

Sarƙa da sufuroket a canza su tare in haƙoran sun fara yin tsini. Sabuwar sarƙa a kan tsohon sufuroket kuɗi ne aka zubar. Sakin sarƙa santimita 2 da rabi zuwa 3, a auna kana zaune bisa mashin da kayanka a ɗaure, don nauyi yana ƙara ja ta. Murfin sarƙar nan da samari ke cirewa don ado, mayar da shi, shi ke hana yashi haɗuwa da maiko ya cinye ta. Ka ɗauki makullin sarƙa guda biyu.

Taya: in ta baya ta fara sanƙo, sayi sabuwa. Tiyub sababbi gaba da baya, tsofaffin in ba su da faci da yawa su zama na ajiya. A duba wayoyin rim, waya ɗaya mai sako-sako tana iya huda tiyub daga ciki. Iska 25 a gaba, baya 28, in akwai kaya 32, a auna da safe taya na sanyi. Ka koyi cire tayar baya da hannunka kafin ka tafi. Da yawa suna ɗaukar kayan faci, ranar da ta fashe sai a tarar ba su taɓa kwance birkin baya ba.

Abin da za ka zuba a jaka: fulogi biyu da sifanarsa, kebur na kuloci da na totur, kwan fitila, fis, sifana 8, 10, 12, 14, 17 da wadda ta dace da noti na taya, filaya, sukudireba, ƙarfen cire taya biyu, faci da gam, famfon hannu, waya mai laushi da robar ɗauri. Kebur ɗin kuloci ma ka bi da sabon kusa da tsohon ka ɗaure tun daga gida, in ya tsinke sai dai ka maƙala kai da kai.

Saura matatar iska. Disamba hazo ne, soson nan yana toshewa cikin yini ɗaya. Alamarsa mashin ya yi nauyi, ya ƙara shan mai, fulogi ya yi baƙi. A wanke shi, a bushe, a ɗiga masa mai kaɗan a matse. A Abalak ka buɗe ka kakkaɓe.

Mai sayar da kayan mashin, daga Gusau:

Ƙarin bayani kan fetur. Kada ka yi lissafi da abin da mashin ke sha a gari. Daga Tawa arewa maso gabas ka nufa, iskar hunturu kuma daga can take busowa, wato gaba da gaba za ku yi yini guda. Ka ƙaddara kilomita 35 a lita. Tanki cike zai ba ka kusan 380 a takarda, amma ka ɗauke shi 300. Tawa zuwa Abalak kamar 135, Abalak zuwa Agadas kusan 270. Saboda haka ka cika a Tawa, ka sake cikawa a Abalak ko da rabin tanki bai ƙare ba, sannan ka riƙe jarka mai lita 5. Ɗaure ta ɓangaren da ba salansa, kada ka cika ta har baki don mai yana kumbura da zafi. In dole ta sa ka sayi na kwalba, ka tace da tsumma mai tsabta, ka ɗaga kwalbar ka duba gindinta, ruwa a ƙasa yake kwanciya. Sefa za ka canza tun daga Illela ko Ƙonni, ƙananan takardu.

Ma'aikaciyar lafiya, daga Birnin Kebbi:

Malam, kowa yana ta inji, ba a yi ta mai tuƙi ba. Sanyin hunturu yana yaudara: gumi yana bushewa kafin ka ji shi, ƙishirwa ba ta dame ka ba, alhali jiki yana ta zubar da ruwa. Ka ɗauki lita 6 aƙalla, a robobi daban-daban don kada ɗaya ta fashe ka rasa duka. Ka sha a kowace tsayawa. In fitsari ya yi ja ko ya ɗauke, ko kai ya fara sarawa, ka tsaya a inuwa ka sha ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Na leda da ake sayarwa a kemis ya fi sauƙi.

Da asuba sanyi ne mai sandarar da yatsu, hannun da ya sandare kuwa ba ya kama birki da wuri. Safar hannu, rigar sanyi da za ka iya cirewa da hantsi, hular kwano mai gilashi, rawani a rufe hanci da baki. Abinci mara nauyi, dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa. Tuwo ko fura mai yawa da azahar barci suke kawowa. Kuma a bar ƙwayoyin nan da ake cewa suna hana gajiya, tiramadol da ire-irensa. Gajiyar tana nan, hankalin da zai gane ta ne suke ɗaukewa.

Mai tambaya:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na yarda zan kwana Tawa. Wani ya ce in na shiga yashi in rage iskar taya sosai. Haka ne? Kuma gangara fa?

Makanike, daga Jega:

A rage, amma ba sosai ba. Taya mai tiyub in ta yi laushi ƙwarai tana zamewa a kan rim ta tsinke bawul, shi kuma ba ya facuwa. Kada ka yi ƙasa da 18 zuwa 20, da ka hau kwalta ko duwatsu ka mayar da iskarka, in ba haka ba bakin rami zai cije tiyub. Ɗan yashin da iska ke shimfiɗawa a kan titi bai kai a taɓa taya ba. Rage gudu tun kafin ka shiga, sa giya ta biyu, matsa baya a kan kujera, riƙe totur daidai, ka bar kan mashin ya yi rawarsa. Kana damƙe birkin gaba a cikin yashi, ƙasa za ka sha.

Hawa da gangara za ka fara gani a ƙasar Adar kafin Tawa. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. Masu sa firi ko kashe inji don tsimin mai su ke ƙona birki: in ka taka shi ba sassauci, kwanon ya yi zafi, sai ka ji ƙafarka tana nutsewa mashin bai tsaya ba. Taka ka saki, inji ya riƙe sauran.

Direban motar kaya, daga Argungu:

Abu biyu sun rage, kuma sun fi duk waɗannan nauyi. Takardu: fasfo ko takardar tafiya, katin rigakafin shawara, lasin, takardun mashin na asali da sunanka a kai, inshora mai aiki a ƙetare, sannan takardar shigar da mashin daga kwastan ɗin Nijar. Tun juyin mulkin Yulin 2023 ƙa'idojin iyakar nan suke sauyawa, Nijar ma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka ka je Illela ko ka aika a tambayo maka ana saura 'yan kwanaki.

Sai tsaro. Mutum ɗaya a kan mashin da jarkar mai shi ne abin da jami'an tsaro suka fi zargi, a nan gida da can. Akwai sassan jihar Tawa, irin su Tilliya da Tassara, da suka daɗe ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, kuma an sha hana hawan mashin a yankunan Nijar. Ka tambayi jandarmomi a Ƙonni da Tawa ko an yarda ka wuce. In sun ce a'a, ajiye mashin ka shiga bas. In sun yarda, ka nemi abokin tafiya ko ka bi bayan motocin haya, ka sayi layin waya na can, ka bar wa mutanen gida lokacin da za su ji ka daga Tawa, Abalak da Agadas. In ƙarfe 11 na safe ta yi ba ka bar Abalak ba, kwana nan.

Azbin kuwa cire ta daga lissafin washegari. Hanyar Timiya, garin da ke cikin duwatsun, dutse ne da ƙoramai masu yashi, ba a shigarta sai da ɗan jagora na gari da izinin hukuma. Ka huta yini ɗaya a Agadas, ka juye baƙin mai, ka ja sarƙa, sannan ka nemi jagoran ta hannun mai masaukinka.