Baba ya ƙi yarda in sayi Mazda MX-5 ta hannu, ga kuma tsatsa

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan muna ja-in-ja da Baba kan motar da nake so in saya da kuɗin gumina: Mazda MX-5 ƙirar 2004, inji mai lita 1.8, mai giyar hannu. Shi dai ya ce abin wasan yara ce: kujera biyu kacal, rufin tamfol, kuma tayoyin baya ke tura ta, da an yi ruwa sai santsi ya kwashe ta. Ni kuwa ba zan saya a ɓoye ba, albarkarsa nake nema.

Na ce masa inshora da gyara duk a kaina. Ko kai bai ɗaga ba. Sai na roƙe shi ya kawo bakaniken da ya amince da shi. Nan ne lissafina ya rushe. Da aka ɗaga motar, tsatsa ta cinye ƙarfen ƙasan ƙofa, dab da tayar baya, har yatsa na shiga. Baba bai ce uffan ba, shirun nan kuwa ya fi faɗa ciwo.

Don Allah masu sani, tsatsa a wannan wurin walda tana maganinta har motar ta dawo da ƙarfinta, ko in haƙura in nemi wata kafin in sake tunkarar Baba?