Neman shawara: wane kambas ɗin gudu zan saya wanda ba ya ɓata muhalli?

Mai tambaya:
Slm 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema. Wata takwas kenan ina fita gudun safe bayan asuba, likita ne ya ce in rage teɓa, ina yin kilomita biyar sau huɗu a sati. To kambas ɗina na biyu kenan ya mutu, na gwanjo ne, da kyansa wlh kamar ba a taɓa sawa ba, sati uku kacal ina cikin gudu na ji ƙasan yana marmashewa kamar busasshen burodi, haka na dawo gida ina ɗingishi da rabin sol a hannu. Na wurga shi bola, washegari aka cinna wa bolar wuta, baƙin hayaƙin nan mai warin roba ya cika layi har yara na tari, tun ranar abin ya tsaya min a rai. Yanzu ina ganin tallan takalma wai na robar da aka sake sarrafawa, wasu wai da rake aka yi sol ɗin. Gaskiya ne ko salon cin kuɗi? Aljihun dai ba nauyi.

Malamin Kimiyya:
Wslm. Akwai gaskiya a ciki amma ba kamar yadda talla ke zuzutawa ba. A 2013 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun lissafa cewa takalmin gudu ƙafa biyu yana jawo iskar kabon mai ɗumama duniya kusan kilo 14, kuma wajen kashi biyu cikin uku a masana'anta ake fitar da ita, saboda gutsattsari 65 ake haɗawa, a yanka a ɗinka a manna, duk aikin yana cin wutar lantarki. Kenan kafin ka zura ƙafarka an riga an gama yawancin ɓarnar. Kamfanonin Adidas da Allbirds sun haɗu sun fito da wani a 2021 da kabon ɗinsa ya tsaya a kilo 2.94, Allbirds ɗin ne masu sol na rake, kamfanin Veja kuma a Brazil suke yi da ɗanyen roba na dajin Amazon.  Amma ni a ganina wanda ya sayi takalmi ɗaya ya more shi sosai ya fi wanda ya kashe uku masu koren tambari a shekara.

Ɗan Dila:
Yallaɓai kar ka ɓata mana sana'a mana 😂 Gwanjo ai shi ne asalin taimakon muhallin, kayan da Bature zai zubar mu muke ba shi rai na biyu. Mai tambaya, naka daɗewa ya yi a ajiye, akwai irin sol ɗin da in ya shekara da shekaru ba a taka shi ba danshi ke cinye shi ta ciki, ka gan shi fes a ido amma gawa ne. In za ka saya ka lanƙwasa shi da ƙarfi a gaban mai kayan, ka danna soson gefe da babban yatsa, in ya dawo da sauri da sauran rai, in ya lotsa ko ya yi tamoji kamar fuskar tsoho ka ajiye. Ka juya ka duba dunduniya ko ta cinye gefe guda.

Maman Biyu:
Ƙanina ni shekara shida ina gudu, gwiwarka ta fi komai. Ma'aunin da aka saba shi ne kilomita 500 zuwa 800 soson yake mutuwa, kai kana cin 20 a sati, kenan wata shida zuwa tara. Matsalata da gwanjo kenan, ba ka san nawa mai shi na farko ya ci ba. In da hali ka daure ka sayi sabo ɗaya mai kaurin roba a ƙasa, ka guji marasa nauyin nan na 'yan tsere, da wuri suke mutuwa. Kuma gudu kawai, ban da zuwa kasuwa da ɗaurin aure da shi. In ka wanke ka shanya a inuwa, ranar Kano sai ta saki gam ɗin, nawa na farko a kan katanga na kashe shi da hannuna.

Ba Sani Ba Sabo:
Hhhh ku dai ku yi ta lissafin kabon. Mai buga jabu da ya iya buga tambarin Nike, rubuta Move to Zero (takensu na kare muhalli) a kwali ne zai gagare shi? Na gasken kuma sai ka yi oda da dala a ɗoro shi a jirgin sama tun daga Turai, ina taimakon muhallin a nan?

Malamin Kimiyya:
Maganar jabu kam ka faɗi gaskiya. Shi ya sa ban ce ya yi oda ba.

Baban Gona:
Ɗana ba wanda ya ambaci shumeka. In saman ne ya yage ko sol ya ɗago, a zagaye shi da ɗinki ya ƙara wata da watanni. In ya gaji da gudu ya koma na yawo, daga nan na gona, ni wanda ɗana ya yar da shi nake shiga fadama damina biyu kenan. Ƙonawar ce dai kar a yi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Maman Biyu zan fara tari don sabon, kafin nan zan lallaɓa da gwanjo ɗaya in bi gwajin yatsan nan. Ɗan Dila wace rana kuke fasa sabuwar dila? Lamba 43 nake sawa.

Ɗan Dila:
Ka nemi 44, ƙafa tana kumbura in gudu ya yi nisa. Ka yi sammako ranar da zan yi maka magana, kafin masu shago su tsince na kirkin, kuma ka taho da safarka.