Shin rashin Kofin Zakarun Turai ya rage darajar Gianluigi Buffon?

Ɗan Gidan Kallo ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na zo da wata tambaya da ta hana mu tashi daga gidan kallo a daren Asabar, har sai da mai gidan ya kashe janareta ya bar mu a duhu muna ci gaba da musu. Wani abokina ya dage cewa Gianluigi Buffon bai cancanci a kira shi gwarzon masu tsaron raga ba, domin ya shafe kusan shekara 28 yana wasa, ya je wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai har sau uku, amma ko sau ɗaya bai ɗaga kofin ba. Ya ƙara da cewa shi ya ja wa kansa, tunda a 2006, lokacin da aka jefa ƙungiyarsa Juventus ta Italiya rukuni na biyu, ya zaɓi ya zauna alhali manyan abokan wasansa sun tattara nasu ya nasu sun tafi. Ni na fara kallon ƙwallo ne a ƙarshen zamaninsa, saboda haka ina roƙon waɗanda suka gan shi yana ganiyarsa su yi mana bayani: wannan hujja tana da ƙarfi, ko kuwa magana ce ta wanda bai taɓa tsayawa a raga ba?

Tsohon Gola ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na tsare raga a ƙungiyar unguwa shekaru da dama kafin gwiwa ta sallame ni, don haka ka yi mini uzuri idan na ɗan karkata.

Abin da ya kamata abokinka ya fara yi shi ne ya duba wasannin nan uku ɗaya bayan ɗaya, maimakon ya dunƙule su a matsayin faɗuwa guda. A 2003 Juventus ta haɗu da AC Milan a filin Old Trafford da ke Manchester, aka yi minti 120 babu wanda ya ga raga. A cikin wasan Filippo Inzaghi ya kai wani hari da ka daga kusa, Buffon ya yi tsalle ya kaɗe ƙwallon, har Inzaghi ya dafe kai yana mamaki. Da aka zo bugun fenariti ya tare na Clarence Seedorf, ya tare na Kakha Kaladze. Mai tsaron raga ya tare biyu cikin biyar, me kuma ake so ya yi? Abokan wasansa uku ne, Trezeguet da Zalayeta da Montero, suka buga Dida, golan Milan, ya kama. Kafin ma a kai ga wannan dare, shi ne ya tare fenaritin Luis Figo a wasan kusa da na ƙarshe da Real Madrid, wanda da ya shiga, da wataƙila ba a je Manchester ɗin ba.

Na 2015 da na 2017 kuwa ba sa buƙatar doguwar magana. Barcelona ce ta Messi da Suarez da Neymar ta doke su 3 da 1 a Berlin, sannan Real Madrid ta Cristiano Ronaldo ta yi musu 4 da 1 a Cardiff. A lokacin yana da shekara 37 da 39, kuma zuwansa wasan ƙarshe a wannan shekaru shi kansa abin a jinjina ne.

Amma ni abin da nake auna shi da shi, Gasar Kofin Duniya ta 2006 ce a Jamus, wadda ƙasarsa Italiya ta ci. Wasa bakwai, ƙwallo biyu kacal suka shiga ragarsa: ɗaya Cristian Zaccardo ne ya ci gida a wasan Amurka, ɗaya kuma fenaritin Zidane ne a wasan ƙarshe. Wato babu ɗan adawa ko ɗaya da ya ci shi ana cikin taka leda. Duk wanda ya kalli ƙarin lokacin wasan ƙarshe da Faransa ba zai manta da ƙwallon da Willy Sagnol ya ɗago ba, Zidane ya taso babu mai riƙe da shi ya sa mata kai da ƙarfi, Buffon ya miƙe da hannu ɗaya ya ture ta ta saman turke. Wanda ya taɓa tsayawa a raga ya san wahalar wannan: ƙwallon na zuwa saman kanka, ba ka da lokacin tunani, ƙafafunka ne kawai za su cece ka idan ka riga ka dasa su daidai. A wannan shekara ya zo na biyu a kyautar Ballon d'Or, bayan kyaftin ɗinsa Fabio Cannavaro.

Malamin Lissafi ya amsa:

Yallabai Tsohon Gola, na karɓi yawancin bayaninka, sai dai ina ganin ka tsallake rabin tambayar, wato batun zamansa a rukuni na biyu, kuma a nan abokin mai tambaya yana da 'yar gaskiya.

Bayan badaƙalar da ake kira Calciopoli, wadda ta shafi yadda wasu shugabannin ƙungiyoyi ke tsoma baki wajen zaɓen alƙalan wasa, an ƙwace wa Juventus kofunan 2005 da 2006, aka kuma mayar da ita Serie B. Cannavaro da Emerson suka tafi Real Madrid, Thuram da Zambrotta suka nufi Barcelona, Ibrahimovic da Vieira suka koma Inter. Buffon yana da shekara 28, ya dawo da Kofin Duniya a hannu, babu ƙungiyar da za ta ƙi shi a duniya, amma ya zauna tare da Del Piero da Nedved da Trezeguet da Camoranesi. Sun dawo Serie A bayan kaka ɗaya a ƙarƙashin Didier Deschamps, gaskiya ne, amma ƙungiyar ba ta sake cin gasar Italiya ba sai 2012 a ƙarƙashin Antonio Conte, kuma a tsakani sau biyu a jere tana ƙarewa a mataki na bakwai. A cikin waɗannan shekaru Milan ta ɗauki Kofin Zakarun Turai a 2007, Inter ta ɗauka a 2010. Shekarun da mai tsaron raga ya fi ƙarfi, tsakanin 28 da 33, su ya kashe wajen farfaɗo da ƙungiya.

Ba na cewa ya yi kuskure. Abin da nake cewa shi ne ya biya farashi, kuma bai dace mu yi kamar bai biya ba. Haka nan bai kamata a wanke shi tas ba: jan katin da Michael Oliver ya ba shi a Bernabeu a 2018 da kalaman da ya furta bayan wasan ba su dace da mai shekara 40 ba, sannan da ya koma PSG neman kofin nan, shi ne ya saki ƙwallon Rashford, Lukaku ya ƙarasa ta, Manchester United ta fitar da su a 2019.

Bakamaru ya amsa:

Gaisuwa ga dattawan zaure. Ni daga Garwa nake rubutu, kuma ina da abin da nake so na ƙara, domin mu a Kamaru muna ganin muna da hannun jari a cikin wannan mutum. Buffon, haifaffen Carrara a 1978, ɗan wasan tsakiya ne tun yana yaro. Yana da shekara 12 aka buga Gasar Kofin Duniya ta 1990 a ƙasarsu, Kamaru ta doke Ajantina ta Maradona da ci ɗaya mai ban haushi a wasan farko, shi kuma idonsa ya tsaya a kan golan Kamaru Thomas N'Kono. Ya sha faɗa da bakinsa cewa N'Kono ne ya sa ya koma raga, har ɗansa na fari ya sa wa suna Louis Thomas. Shekara biyar bayan nan, a Nuwamban 1995, kocin Parma Nevio Scala ya jefa shi a gaban Milan mai George Weah da Roberto Baggio yana ɗan shekara 17, aka tashi babu ci.

Game da ainihin tambayar, ina so abokin nan ya amsa mini wata. Dino Zoff, golan Italiya wanda ya ɗaga Kofin Duniya a 1982 yana da shekara 40, shi ma ya je wasan ƙarshe na kofin Turai da Juventus sau biyu, Ajax ta doke su a 1973, Hamburg ta doke su a 1983, bai taɓa ci ba. Gianluigi Donnarumma kuwa, shi ma golan Italiya, ya ci kofin da PSG a 2025, lokacin da suka lallasa Inter 5 da nema. Shin zai yarda cewa Donnarumma ya riga ya wuce Zoff da Buffon? Idan ya ce a'a, to ya rushe ma'auninsa da kansa.

Tsohon Gola ya sake amsawa:

Malam, na yarda da kai a kan jan katin, wannan fushi ne ya rinjaye shi. A kan farashin ma na yarda, sai dai ka lissafa abin da ya samu a madadinsa. Bayan shekarun wahalar ne ya ci gasar Italiya sau bakwai a jere, a kakar 2015 zuwa 2016 ya shafe sama da minti 970 ba a zura masa ƙwallo ba, ya karya tarihin Sebastiano Rossi na minti 929. Ya tashi da kofin Serie A 10, da wasa 657 a gasar, wanda ya zarce na Paolo Maldini, da wasa 176 a rigar ƙasarsa. Da zai rufe kuma Parma ya koma a 2021, tana rukuni na biyu, ya yi kaka biyu a can kafin ya ajiye safar hannu a Agustan 2023 yana da shekara 45. Wanda ya shiga Serie B sau biyu da ƙafarsa, ba tilas ba, ina ganin ya san abin da yake saye.

Ɗan Gidan Kallo ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na tura wa abokin nawa tambayar Bakamaru a kan Zoff da Donnarumma tun da safe. Ya karanta, amma har yanzu bai ce uffan ba. Ranar Asabar zan sake tayar masa da ita kafin a kunna janareta.